Ba kambun baka ke cinye ƙwan kifin anjel ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira. Ni tela ne a Aboabo nan Kumasi, na daɗe ina bin jaridar nan taku a waya, to kwanakin baya na ga rubutun da kuka yi kan kiwon kifi, tarwaɗa da karfasa, yadda matasa za su samu abin yi. Rubutu ya yi kyau wallahi, sai dai har na kai ƙarshe ban ga an ce uffan kan kifin ado ba, wanda ake sawa a tankin gilashi cikin ɗaki, alhali yanzu a Zongo masu ajiye shi sun yi yawa. Shi ne na ce bari in sa baki. Dan Allah a yi min haƙuri in na ja zance, tela in ya samu mai sauraro ba ya gajiya.

Amma gaskiya abin da ya zaunar da ni na yi wannan dogon rubutu rigima ce ta gida. Ɗan wana, yaro ne ɗan shekara sha tara a Asawase, ya sayi kifin anjel yana kiwo, sau uku suna yin ƙwai sau uku ƙwan na ɓacewa kafin gari ya waye. A na ukun sai aka yi rashin sa'a wata maƙwabciya ta shigo aron turmi, ta leƙa ta ce kai jama'a ku zo ku ga ƙwai kaman an jera, ba ta ce masha Allah ba, washegari aka tashi babu ko ɗaya. Shi ke nan uwar yaron ta ce baki ne. Yau sati biyu ke nan mata biyu da suka shekara ashirin gida ɗaya ba sa gaisawa saboda ƙwan kifi. Yaron ya zo shago kaman zai yi kuka, wai Baba ƙarami ko tofi za a yi wa tankin. Na ce masa addu'a ba ta da laifi a ko'ina, kuma ni ban ce babu kambun baka a duniya ba, amma shekarata bakwai da kifin nan, kuma duk lokacin da ƙwaina suka lalace in na bi diddigi sai in ga abin da na yi da hannuna. Ruwa ba ya tsami banza.

Ga wanda bai san shi ba, anjel shi ne kifin nan mai faɗi kaman an danne shi da dutsen guga, in ya fuskance ka siriri kaman takarda, in ya juya gefe sai ka ga fikafikai dogaye sama da ƙasa da wasu zaruruwa biyu suna reto a ƙirjinsa. Sunan da Turawa suka sa masa ma'anarsa mala'ika, wani malami da nake wa ɗinki ya ce kar in kuskura in fassara, mala'ika ba kifi ba ne, to shi ya sa muke cewa anjel kawai mu wuce. Asalinsa kogin Amazon ne a Kudancin Amurka, wajajen Burazil da Peru da Kolombiya, a ruwa mai ɗumi mai tafiya a hankali inda saiwoyin itace da ciyayi suka cika, shi ya sa aka yi shi siriri don ya ratsa tsakani. Tsayinsa da fikafikai yakan kai santimita 20, kuma in ya samu kula yana iya shekara goma. Abin da mutane ba su sani ba shi ne dangi ɗaya suke da karfasar da muke ci da banku. Kuma duk dangin nan an san su da renon 'ya'ya. Karfasar da ake kiwo a keji a tafkin Volta uwar ce ke ɗauke ƙwan a bakinta har su ƙyanƙyashe, akwai wata ƙaramar karfasa ta gulaben bakin teku ita kuma uban ne ke ɗauka a baki. Shi anjel ba ya sawa a baki, mannawa yake a jikin ganye su tsaya gadi su biyu, mace da namiji. Wato reno a jininsu yake, in ka ga sun cinye to ka nemi dalili.

Matsala tun daga wajen saye take farawa. Ka je wajen mai sayar da kifi ka ce a ba ka mace da namiji, ya sa raga ya kamo maka biyu 'yan ƙanana ya ce ga mata ga miji. Wallahi shi ma bai sani ba, cinikinsa kawai yake. Anjel ƙarami ba a gane mace da namiji, ko manyan ma da ƙyar, wasu na cewa namiji goshinsa ya fi tudu amma na sha ganin mace mai goshi. Hanyar da ba ta ƙarya ɗaya ce, lokacin da za su yi ƙwai wani ɗan bututu yakan leƙo ta ƙarƙashin ciki, na macen kauri ne da shi bakinsa a dakushe kaman gindin fensir, na namijin siriri mai tsini kaman bakin fensir da aka fiƙe. Ni farkon da na fara biyu aka ba ni, na yi wata takwas ina musu hidima, suka yi ƙwai har sau huɗu duk ya yi fari ya ruɓe, na canza ruwa na canza abinci na canza tanki, sai ranar da na zauna na zuba ido na ga ashe dukansu biyun ƙwai suke zubawa. Mata biyu nake kiwo. Suna yin haka fa, in babu namiji sai su haɗa kai su share wuri su yi ƙwai su tsaya gadi kaman gaske. Shi ya sa nake cewa ka sayi ƙanana shida, ka bar su su girma tare, tsakanin wata shida zuwa shekara za ka ga biyu sun ware sun kama lungu ɗaya suna korar kowa. Su suka zaɓi juna, auren dole bai cika yi musu ba.

In sun ware sai ka ba su ɗakinsu. Tanki mai cin ruwa kaman lita 75 zuwa 80 ya isa, amma ya zama mai tsayi, santimita 40 ko sama, saboda fikafikan nan. Kar ka zuba tsakuwa a ƙasa, bar shi fili yadda za ka ga kashi da ragowar abinci ka zuƙe da tiyo. Filta kuma, wato abin tace ruwan tanki, ta soso ita ce daidai, wadda iska ke turawa, waccan mai injin jan ruwa tana da ƙarfi, zuƙe 'ya'yan za ta yi. Sai ka jingina musu wani abu a tsaye da za su manna ƙwai. A kogi ganye mai faɗi suke samu, ni ragowar tayil na tsinto wajen da ake gini na wanke da ruwan zafi, wasu guntun bututun famfo suke sawa. In ba ka ba su ba za su nemi nasu, jikin gilashi ko kan hita, wato abin ɗumama ruwan tanki, shi kuma hita in ya kama dafa ƙwan zai yi.

Ruwa kuma, ruwan famfonmu na Kumasi daga madatsun ruwan Barekese da Owabi yake zuwa kuma ana sa masa kulorin don lafiyarmu, to abin da ke kashe ƙwayar cuta shi ke ƙona kifi. Ka tara a bokiti ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe kafin ka zuba, in kana da ɗigon maganin kulorin da ake sayarwa a shagon kifi ya fi. Kuma bokitin kifi na kifi ne, ba wanda Mma ke jiƙa wanki a ciki ba. Zafin ruwa digiri 27 zuwa 28, ka sayi ma'aunin zafi, bai kai kuɗin waakye na kwana uku ba, yatsa ba ma'auni ba ne.

Ranar da za su yi za ka gane. Kwana ɗaya ko biyu kafin nan za ka ga sun sa tayil ɗin a gaba suna ta gurzarsa da baki kaman masu shirin saukar amarya, launinsu ya ƙara fitowa, cikin macen ya kumbura, in ka kawo hannu kusa ma kai maka sara za su yi. Sai macen ta fara, ta manna cikinta daga ƙasa ta yi sama a hankali tana barin layin ƙwai, ta kauce, namijin ya biyo bayanta kan layin nan yana zuba nasa ruwan, ta dawo ta ja wani layi kusa da na farko. Ni da nake tela wallahi na kan tsaya ina kallon layin nan, ya fi ɗinkin wasu yarana miƙewa. Awa ɗaya zuwa biyu suke yi. Ƙwan bai kai ƙwayar gero ba, launin zuma-zuma, sabuwar mace takan yi ɗari ko ɗari biyu, babba mai ƙoshi ɗari huɗu ko fiye. Daga nan sai gadi, ɗaya ya tsaya gaban ƙwan yana yi musu fifita da fikafikan ƙirjinsa don ruwa mai iska ya riƙa wucewa ta kansu, in ya gaji ɗayan ya karɓa. A wannan lokacin abu guda ake so daga gare ka, ka ja jikinka. To nan ne mu kuma muke kiran duk gida, yara su dafa gilashi, wani ya ƙwanƙwasa, wani ya kunna fitilar waya zai ɗauki bidiyo ya sa a WhatsApp.

Kifin nan in ya ga wurin ba tsaro cinye ƙwan yake yi, ya maida abin da ya kashe cikin jikinsa ya jira wani lokaci, don bayan sati biyu ko ƙasa da haka macen za ta iya sake yi. Ba mugunta ba ce. Bari in ba ka nawa labarin. Bayan na rabu da matan nan biyu na samu ma'aurata na gaske, suka yi ƙwai masu kyau ranar wata Laraba, na lallaɓa na hana kowa zuwa kusa, kwana ɗaya lafiya lau. Daren Alhamis aka ɗauke wuta wajen ƙarfe tara, muka kwanta, na manta ban kashe makunnin ƙwan lantarkin ɗaki ba. Wajen ƙarfe biyun dare aka kawo wuta, ɗaki ya yi fau lokaci guda, rediyo ma ya kama, na ji kifi na bugun gilashi. Kafin in tashi in kashe, ina kallo da idona suka bi layi suka share tayil ɗin tas, ko minti goma ba a yi ba. Da ban farka ba da safe zan tashi in ga wayam in fara tunanin wa ya shigo ɗakina jiya. Tun daga ranar nake barin 'yar fitilar caji a can gefe, mai haske kaɗan, ta kwana a kunne, yadda ko an ɗauke ko an kawo ba za su firgita ba kuma suna ganin ƙwansu. Gefe uku na tankin ma na liƙe da takarda.

Sannan akwai ƙuruciya. Sababbin ma'aurata sukan cinye na farko da na biyu da na uku ko da ba abin da ya taɓa su, ba su iya ba tukun, suna zuwa cire ƙwai ɗaya da ya lalace sai su zarce. Nawa sai a karo na biyar suka kai 'ya'ya ga iyo. Na ɗan wana sau uku ne kawai fa, kuma da na je na gani tankin a falo yake kusa da talabijin, ga wasu kifaye huɗu a ciki har da ɗan share gilashin nan mai baki kaman tsotso wanda da dare yake fita yawo, shi ko ƙwai a wurinsa tuwon sallah ne. To a nan ina laifin maƙwabciya?

Sai maganar farin ƙwai, wadda ita ma take sa mutane zargi. Ƙwai mai rai kana ɗan hango cikinsa, wanda ya mutu ko namiji bai same shi ba cikin kwana ɗaya yakan koma fari fat kaman alli. In goma ko ashirin ne cikin ɗari uku ba komai, ko kaza ba duka take ƙyanƙyashewa ba, iyayen za su tsince su ɗaya bayan ɗaya. In an bar su sai funfuna ta hau, wani farin gashi kaman auduga, daga mataccen ta kama na kusa da shi mai rai, kafin ka ankara ta rufe rabin tayil. In kuwa duka suka yi fari to ka duba ko mata biyu ne, ko namijin bai balaga ba, ko ruwan filta ya yi ƙarfi yana kwashe ruwan namijin kafin ya sauka kan ƙwan, ko ruwan ya yi datti. Lokacin hunturu abin ya fi yawa, Disamba da Janairu da asuba ruwan tanki yakan yi sanyi sosai in babu hita, ƙwai ya ƙi ƙyanƙyashewa da wuri, funfuna ta samu lokaci.

Yanzu masu neman kuɗi za su ce me ya kai ka jiran iyaye su koya, ɗauke tayil ɗin kawai. Haka ne, ana yi, ni ma ina yi wani lokaci. Ka ɗebo ruwan tankin nasu a kwalba babba ko ƙaramin tanki, ka ɗago tayil ɗin da sauri ka tsoma kar ƙwan ya sha iska ya bushe, ka sa dutsen kumfa, wanda ake haɗawa da tiyon injin iska, a gindinsa yadda kumfar za ta riƙa wucewa kusa da ƙwan ba ta kansu ba, wato ita ce za ta yi fifitar da iyaye ke yi. Sai ɗigon metilin bulu har ruwan ya yi shuɗi amma kana hango tayil, shi ke hana funfuna. A kiyaye dan Allah, metilin bulu na ce, ba bular wanki ba, na san wanda ya yi wannan aika-aikar. Fararen kuma kai za ka zama uwa, ka riƙa cire su da bakin allura ko ɗan bututun ɗiga magani safe da yamma. Ta wannan hanyar ka fi samun yawa, ban musa ba. Amma ni ra'ayina, wanda yake farawa ya bar wa iyayen ko da sau biyar ne za su cinye. Na ɗaya dai in kana kwashe musu, macen ba ta hutawa, duk bayan kwana goma sai ta sake, ta rame. Na biyu aikin da za su yi maka kyauta dare da rana kai ba za ka iya shi ba kana shago. Na uku kuma, wanda shi ya fi min, in ba ka taɓa ganin anjel biyu suna yawo da garken 'ya'yansu kaman hadari a kewaye da su ba, ɗaya ya ɓalle uban ya bi shi ya cafko a baki ya tofo shi cikin 'yan uwansa, to ba ka san me kake kiwo ba. Maiɗakina da ta fi kowa faɗan wai na cika mata ɗaki da gilashi, ranar da ta ga wannan kujera ta jawo, har tuwo ya kusa kamawa.

A zafin digiri 27 kwana biyu zuwa biyu da rabi ƙwan ke ƙyanƙyashewa. Kar ka sa ran ganin kifi, abin da za ka gani wasu 'yan wutsiyoyi ne suna karkarwa, kowanne a maƙale da kansa ta wani zare mai danƙo, ga ƙullin gwaiduwa a cikinsa. A nan ma mutane na yin kuskure, sai su ga uwar ta kwashi 'ya'ya a baki su ce wayyo ta fara ci, su sa hannu su raba. Ba ci take ba, ƙaura take musu zuwa wani wuri da ta share, wani lokaci sau biyu a rana. Kuma kar ka zuba musu komai a kwanakin nan, gwaiduwar nan ita ce abincinsu har kusan kwana biyar, duk abin da ka zuba ruɓewa zai yi. Wajen kwana na bakwai daga ranar da aka yi ƙwan sai ka ga sun saki sun tashi gaba ɗaya.

To daga nan ne aikinka ya fara, kuma nan ne 'ya'ya suka fi mutuwa, yunwa ke kashe su ana ganin kaman cuta ce. Bakinsu ƙanƙane ne kuma abu mai motsi suke bi, garin abincin manya ko kallo ba za su yi masa ba. Abin da ya fi shi ne artimiya, wasu 'yan mitsi-mitsin jatan landen ruwan gishiri da ake sayar da ƙwansu a bushe kaman garin kofi. Ka yanke gindin robar ruwa ka kifa ta, lita ɗaya na ruwa, gishiri kaman cokalin cin abinci biyu ba a cika ba, ɗan ƙwan artimiya rabin ƙaramin cokali, ka sa tiyon iska ya riƙa juya su, cikin awa 24 zuwa 36 sun fashe. Ka kashe iskar ka haska fitila a ƙasa za su taru wajen hasken, ka zuƙo ka tace da ƙyalle mai laushi, ni ƙyalle ba ya min wuya, ka ɗauraye da ruwan daɗi ka ba su. In sun ci za ka ga cikinsu ya yi ja-ja kaman an ɗiga manja. Sau uku ko huɗu a rana, kaɗan-kaɗan. Kuma ka fara haɗa artimiyar kwana ɗaya kafin su tashi, ba sai sun tashi ka fara neman gishiri ba. A Kumasi ba kullum ake samunta ba, ni wani lokaci saƙo nake bayarwa a taho min da ita daga Akra. In babu, gwaiduwar dafaffen ƙwan kaza da aka murje cikin ƙyalle tana ɗan riƙe su, amma tana ɓata ruwa kaman me, ɗan abin da zai hau kan tsinken ashana ya isa, kuma bayan awa ɗaya ka zuƙe ragowar. Kullum ka rage ruwa kaɗan, kashi ɗaya cikin goma, ka mayar da wanda ya kwana mai zafi daidai da na ciki, a hankali. Sati uku zuwa huɗu za ka ga sun fara faɗi sun ɗauko kamannin iyaye, lokacin za ka fara murje musu abincin gwangwani, kuma lokacin ne za ka raba su da iyayen don 'ya'yan kan fara cizgar musu fikafikai.

Abu biyu na ƙasar nan da ba lallai ka ji su a bidiyon Turawa ba. Maganin sauro, na feshi da na ƙonawa duka, guba ne ga kifi fiye da yadda kake zato, injin iska yana zuƙar hayaƙin ya tura shi cikin ruwa kai tsaye. Na taɓa rasa 'ya'ya kusan ɗari biyu 'yan sati biyu a dare ɗaya saboda an fesa ɗaki ina masallaci. Yanzu gidan sauro muke kwana ciki, in dole sai an fesa a kashe injin a rufe tankin da jiƙaƙƙen tawul sai warin ya fita. Haka turare da man shafawa da sabulu a hannu, a ɗauraye kafin a tsoma. Na biyu dumso, wato yawan ɗauke wuta. Tun wahalar da aka sha a 2015 kowa ya san halin wuta, to ka tanadi ɗan injin iska mai aiki da batir ko fawa bank, in ba ka da shi ka riƙa ɗiban ruwan da kofi kana zubowa daga sama jefi-jefi, nesa da ƙwan. Manyan kifi suna jure 'yan awanni, ƙwan da ka raba da iyaye shi ba ya jurewa. Wannan ma wani dalili ne na barin su da iyayensu, fikafikin uwa ba ya jiran a kawo wuta.

Kuɗi fa? Ana samu amma kar wani ya ajiye sana'arsa. Wata biyu zuwa uku jikinsu ya kai faɗin kwabon sidi ɗaya, masu shago za su saya amma da arha, kuma in ka kai musu ɗari yau ba za su nemi wasu ba sai an jima. Ɗari biyu ba za su girma a tanki ɗaya ba, in sun cunkushe fikafikan lanƙwashewa suke ba mai saye, to sai ƙarin tanki, ƙarin wuta, ƙarin faɗa da maiɗaki. Ni dai yana biya min abincinsu da kuɗin wuta, wani lokaci har da na cefane. Kuma wanda ya gaji da su ya ba wani, kar a kai su rafi ko tafkin Bosomtwe a saka, kifin wata ƙasa ne, tafkin yana da nasa karfasar da masunta ke ci da ita. Rafin Aboabo kam ko an zuba ba za su kai la'asar ba. Malamin nan nawa ya tuna min hadisin matar da ta kulle kyanwa ba ta ba ta abinci ba, ya ce duk abin da ka killace haƙƙinsa na wuyanka, ko kifi ne.

Roƙona gare ka Edita shi ne a ɗan ba kifin ado fili ko da sau ɗaya a wata ne, da Hausa, don yaranmu na Nima da Asawase da Sabon Zongo duk abin da suka sani daga bakin mai sayarwa suka ji. Akwai waɗanda suka fi ni sani nesa ba kusa ba, in an buɗe ƙofa za su fito.

Shi kuwa ɗan wana, ranar Lahadi na je muka ɗauke tankin daga falo muka kai ɗakinsa, muka fitar da sauran kifayen, na ba shi tayil da tsohuwar fitilar cajina. Na shiga na gaida uwarsa na ce Yaya in an yi na huɗu kuma suka cinye ba wanda ya gani, to sai ki je ki ba baiwar Allah nan haƙuri, ta ce in sun tsira kuma fa, ai ka ga rufewar da aka yi ce ta hana baki. Na rasa abin da zan ce mata. Jiya da daddare yaron ya turo min saƙo wai sun fara gurzar tayil. Nawa kuma yau kwanansu shida, bari in je in haɗa ruwan gishiri kafin a kira magariba.

Naka mai karanta ku kullum,
wani tela daga Aboabo, Kumasi.